Waigi a Hawan Sheme

Shekarar da kurkunu ya kama yayana a ƙafar dama, tun kafin a samu mulkin kai, ni aka ɗora wa kai shi asibitin Funtuwa, don ni kaɗai na yi elementare a gidanmu na Mabai. Ƙafar ta kumbura ta yi suntum, ba ya iya takawa. A kan jaki muka kawo shi Ƙanƙara.

Lokacin kaka ne, motocin gyaɗa kaɗai ke bin hanyar. Wadda muka samu mai bodin katako ce, an jibga mata buhuna har sun haura bodin, an ɗaure da igiya, mutane sun hau bisa sun zauna. Da igiya aka ja yayana sama. Ni tun ina yaro akwai ni da fargaba. Na zagaya motar, na ga tayoyin baya sun lotse, na ga ta karkata hagu. Na sake zagayawa ko idona ne. Sai na je na rusuna gaban direba, yana zaune bisa benci yana cin tsire.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan nan ba su yi mata yawa ba?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan boko, ubanka ya taɓa tuƙa mota?"

Aka kwashe da dariya. A zamanin nan direba a kan hanya ya fi hakimi, ba mai mayar masa da magana.

Abin da ya fi damuna shi ne babu karen mota. Sun yi faɗa da safe, direba ya kore shi. Karen mota kuwa shi ke riƙe da waigi, wato guntun gungume mai mariƙi da ake cusawa bayan taya in mota ta tsaya a kan hawa, don kada ta koma da baya. Na san wannan saboda na taɓa shiga mota zuwa Katsina. Sauran fasinjojin manoma ne, yawancinsu ranar suka fara hawa. Waigin na nan rataye a bayan bodi, direba bai nuna wa kowa shi ba.

Muka tashi da hantsi. Duk ramin da muka faɗa sai buhunan su motsa a ƙarƙashinmu, yayana ya cije leɓe ya ƙanƙame hannuna.

Kafin Sheme akwai wani hawa tsakanin duwatsu, da kwazazzabo a gefe guda. A gindinsa direba ya tsaya ya ce kowa ya sauka ya taka. Na roƙe shi a sauko da yayana in goya shi.

"Wa za ya tsaya jiran gurgu? Bar shi nan, buhu ne shi ma. Kai kuma ka ishe ni da baƙin baki. Wuce can bisa tudu ka duba mani ko wata mota na tahowa."

Yayana ya leƙo ya ce, "Tafi, ƙanena, kar ka ja mana."

Na hau tudun da sauri. Motar ta taso tana kuka tana hayaƙi, mutanen na biye da ita a baya, wasu suna dafa bodi. Tana kaiwa tsakiyar hawan sai inji ya mutu. Na ga direba ya turo kai ta taga yana ihu:

"Waigi! Waigi!"

Mutanen da ke bayan motar, abin da suka ji shi ne "waiga". Gaba ɗayansu suka juya suna duban hanyar da muka fito. Wani dattijo har ya kare ido da hannu yana hange. Waigin kuwa na lilo dab da kafaɗarsa.

Na sheƙo da gudu ina cewa iccen nan, iccen nan, amma tuni motar ta fara silalewa. Mutane suka watse. Direba ya buɗe ƙofa ya diro. Ta yi baya, ta saki hanya, ta kwanta a kwazazzabo, igiya ta tsinke, buhunan suka zube.

Yayana na ƙarƙashinsu, ana jin nishinsa. Na kama buhu ina ja, ya fi ƙarfina. Direba ya sauko yana zagi.

"Ƙauyawan banza! Na ce waigi kun tsaya kallon daji! Mi kuka gani a bayan? Iyayenku?"

Dattijon nan ya ce, "Wallahi maigida, ka ce mu waiga, mun waiga."

Direba ya sa su ɗiban buhuna, amma ya ce a fara da na gefen ruwan da ke kwance a kwazazzabon kada su jiƙe, a hau da su bakin hanya. Na durƙusa na kama ƙafarsa, ya ture ni. Dattijon da wani makiyayi da ya taho wucewa su suka taya ni, muka janye na kan yayana. Ƙirjinsa ya lotsa, jini na fita ta baki.

Bayan azahar wata mota ta zo daga Ƙanƙara, ita ma maƙil. Direbobin suka gaisa, namu ya ba da labarin waigi da waiga, ɗayan ya yi dariya har da dukan cinya. Ya yarda ya ƙara ɗaukar wasu buhuna da direbanmu. Na ce a ɗauki yayana.

Direban motar da ta zo ya ce, "Ina wurin? Gyaɗa tana da masu ita, ana jiranta a tasha."

Suka tafi. Na zauna a kwazazzabon na ɗora kansa a cinyata ina karanta masa shahada. Kafin la'asar ya cika.

A lokacin mata da yara daga ƙauyukan kusa sun iso da ƙorai, suna tsintar gyaɗar da ta zube daga fasassun buhuna. Wata tsohuwa ta matso tana tsinta har ta iso inda muke. Ta tsaya ta dube shi, ta yi salati a hankali.

Sannan ta ce, "Ɗan nan, ɗan gusa da shi, akwai saura a ƙarƙashinshi."

Na kama kafaɗunsa na gusa da shi.