Takardar da Na Sa wa Hannu a Gaban Yayan Miji

Lokacin ina shekara ta biyu a digiri na uku a Manchester, muna haya a Levenshulme, ni da maigidana da ɗanmu ɗan shekara bakwai. Kunnen yaron ba ya ji sosai, magana ma sai an lallaɓa shi. A makarantarsu akwai wata malama da ke zama kusa da shi a aji, a hannunta bakinsa ya buɗe. Ban taɓa tambayar wa ya ɗauke ta aiki ba.

Wata Asabar yayan maigidana ya zo daga Birmingham da takarda. Ya ce kansilolin unguwarmu za su yi muhawara kan soke shirin daidaito a makarantu, wai ta nan ake cusa wa yara abin da ya saɓa wa tarbiyyarmu. A durƙushe na karɓa. Shafi huɗu ce kacal, ni kuma karatu ne sana'ata, amma ina ni ina buɗe takarda a gaban yayan miji kamar ina tuhumarsa? Na sa hannu. Don neman suna har walima na kai ta, na bi mata ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ce bari ta karanta tukuna, na ce mata ta cika iyayi.

A waya na kalli muhawarar. Wani kansila ya ɗaga takardarmu, ya ce ga shi iyayen da aka yi shirin dominsu ma ba sa so. Aka kaɗa ƙuri'a, aka soke. Sai ƙarshen zango shugabar makaranta ta kira ni, ta ce aikin malamar nan a ƙarƙashin shirin yake, an ma rubuta haka a shafi na uku na takardar da na sa wa hannu. Ba ta zarge ni ba. Wallahi ko hawaye ban yi ba, na ce na gode, na je na hau bas.

Yanzu kullum da safe sai na ɓanɓare yatsun ɗana daga ƙofar gida. Ya daina tambayar ina malamarsa, ni ma na daina jin komai, abinci nake dafawa in tafi jami'a in dawo.

Har gobe akwai abin da ban yarda da shi ba a shirin nan, ban ce kowa ya so shi ba. Amma 'yan uwana mata, ko wa ya miƙo muku takarda, ku ce a ba ku ta kwana ku karanta. Kunyar minti biyar na gudar wa kaina, na bar yaro da ita yana shiga aji shi kaɗai.