Ranar da Baba Ya Kira Sunana

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida na ji usur daga filin ƙwallon bayan layinmu, irin dogon hurin nan da alƙalin wasa yake yi idan wani ya faɗi bai tashi ba. Ba kowa nawa ba ne ya ji ciwo, amma ƙarar ta mayar da ni unguwarmu Gwallaga a Bauchi, zamanin da nake gola.

Ni ɗan fari ne, kuma idan ka tashi a gida irin namu ka san abin da hakan yake nufi. Kakanninmu Fulani ne da suka ajiye sanda suka zauna a gari, amma kunyar ɗan fari ba su ajiye ta ba. Baba tela ne a kasuwar Wunti. Bai taɓa kiran sunana ba. Ni "kai" ne, ko "yaron nan". Ƙanena kuwa a keke yake goya shi, su tafi shago suna hira. Ni da na shigo zaure sai ya sunkuya kamar allurarsa ta faɗi.

Bauchi ba ta taɓa rasa abin kallo ba. Bayan girbi mahauta su kafa dambe, ga kokawa, mu yara muna langa a lungu har a kira magariba, ranar babban wasa kuma gari ya kwashe zuwa sitadiyam. Ni dai ƙwallo ce ta kama ni. Kuma ba abin da nake so a duniya irin Baba ya ga na cafe ta, ko da sau ɗaya. Iyayen wasu su zo bakin fili suna ihu, ni in waiga ba nawa.

Na kai ƙara wajen Kaka, mahaifiyarsa. Ta yi dariya har goro ya kusa sarƙe ta.

"Kai miji, ashe ba ka da wayo? So kake ya tsaya cikin mutane yana tafa wa ɗan farinsa? Ai sai a ce ya zautu."

Ni ban ga abin dariya ba. Ranar ko tuwonta ban ci ba.

Bayan 'yan kwanaki ta miƙo mini wani baƙin gajeren wando, an ɗinka masa soso a kwankwaso. Ta ce wai wani ne ya ba da ɗinki bai dawo ba. Soson hagu ya fi kauri, ni kuwa ta hagu nake yawan faɗuwa, har saɓar wurin ta ƙi warkewa. Ƙuruciya! Ban ko tambayi kaina yadda mai ɗinkin ya san haka ba.

A ƙarshen daminar nan aka haɗa mu da yaran barikin Shadawanka a filinsu. An yi yankan ciyawa da safe, ƙamshinta ya cika wurin. Su duk da takalman ƙwallo, mu rabinmu ƙafa ba komai. Ana dab da tashi wani dogonsu ya tsere wa 'yan bayanmu, ya rage daga ni sai shi. Na fita na zube a ƙafarsa. Ƙwallon dai na rungume ta, amma takalminsa ya same ni a goshi, duniya ta yi duhu.

A cikin duhun nan na ji usur, sannan na ji ana kwaɗa sunana. Muryar na san ta tun ina goye, amma ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Na buɗe ido da ƙyar, sai ga Baba yana keta fili a guje, tef ɗin awo a wuyansa, takalmi ɗaya ya cire a hanya. Ya ɗago kaina ya danne ciwon da hularsa, yana ta maimaita sunan.

Da ya ga na farfaɗo, sai ya ga jama'a sun zagaye mu. Ya sake ni a hankali, ya miƙe, ya dubi kocinmu.

"Malam, ku duba yaronku."

Ya juya ya tafi neman takalminsa.

Mai rake na bakin filinmu ne ya fasa mini ƙwan daga baya. Ya ce ai telan nan ba wasanmu da yake wuce shi. Yakan jingine kekensa bayan darbejiya, ya sayi rake, ya tsaya kamar mai jiran wani. A gida ba wanda ya tayar da maganar. Kaka ce kawai ta ce masa, "Na ji an ce ka iya gudu," ya tashi ya bar mata ɗakin.

Har Allah Ya karɓi ransa bai sake kiran sunana ba. Ban kuma sake jin haushi ba.

Yanzu gari ya canja. Ga gidajen kallon ƙwallo a kowane layi, ga filaye masu ciyawar roba da ake biya a shiga. Nawa ɗan farin a irinsu yake bugawa, ni kuwa ina bakin layi ina kwarara sunansa har muryata ta dishe, saboda na san yunwar da na yi. Rannan da aka tashi ya zo yana haki, ya yi ƙasa da murya.

"Abba, don Allah ka rage kiran sunana. Kunya kake ba ni a gaban abokaina."

Na yi dariya har da hawaye, shi bai san na mene ne ba. Wasan da ya biyo baya na koma can bayan wayar da ta kewaye filin, gindin wata bishiya, na tsaya na yi shiru. Ashe daga nan ana ganin komai, har gefen da yaro yake faɗuwa.