Taku Ɗari da Goma

Filin ƙwallon ya girmi unguwar. Leburorin da suka yi babban titi ne suka share ciyawa, suka kafa sanduna don su motsa jini bayan aiki. Masu sayar musu da abinci suka kafa rumfa, rumfa ta zama ɗaki, ɗakuna suka zama unguwa. Har yau in ka shiga mota, cewa kake a sauke ka bakin fili.

Baba Mai Layi ya karɓi kula da filin yana ɗan shekara ashirin da biyar, bayan gwiwa ta raba shi da wasa. Babu wanda ya naɗa shi, babu mai biyansa. Gadin makarantar da ke jikin filin ne abincinsa. Duk damina yakan tuge sandunan raga saboda gara, ruwa kuma ya wanke layukan tas. Da ruwa ya ɗauke sai ya jingina bayansa da katangar makarantar, ya yi taku ɗari da goma zuwa yamma, ya kafa sanda, ya bi da farar ƙasa cikin gwangwani mai huji. Bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba. “Ƙafata ba ta ƙarya,” in ji shi. To, wa zai yi musu da wanda ya shekara arba'in da biyar yana abu ɗaya?

Unguwa kuwa tana ganin girman layinsa. Mai son kafa shago sai ya jira Baba ya zuba farar ƙasar shekarar, sannan ya yi gini a bayanta. Haka mai walda ya yi, haka mai faci, haka mai aski.

Bana hukuma ta ce za ta mai da filin tashar mota. Hankalin Baba ya tashi sosai. Ya ɗauki tsohuwar takardar filin, ya yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan har takalminsa ya sha ɗinki sau biyu. A ƙarshe aka ce masa in dai filin ya cika awon da ke takarda, ba mai taɓa shi. Ya dawo yana shelar an gama magana, tun ba a auna ba.

Mai awo ya zo da tef ranar Litinin. Ya auna, ya sake aunawa. Takarda ta ce mita ɗari da biyar. Tef ya ce saba'in da takwas.

Ya ce, “Baba, wa ya cinye filin nan?”

“Ba wanda ya ci. Ni nake awonsa da ƙafata.”

“Taka mu gani.”

Baba ya jingina da katanga, ya kama tafiya yana ƙirgawa a fili, yana jan gwiwar nan tasa. Ɗari da goma ta kai shi daidai gindin sanda. Ya waiwayo da murmushi. Mai awo ya sunkuyar da kai.

“Baba, ƙirgenka daidai ne. Takun ne ya tsufa.”

Nan Baba ya gane. Kowace shekara ƙafarsa tana rage ɗan kaɗan, kowace shekara gini yana biyo ta. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi a gaban mutanen da ya yi wa bushara. Mai awo ya tausaya masa, ya ce zai riƙe rahoton kwana bakwai. In masu shagunan suka yarda suka kwashe, sai a sake awo.

Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Mai walda ko tabarau bai cire ba, ya ce, “Baba, ai kai ka nuna mini inda zan tsaya.” Mai faci ya ce sai ya ga abin da sauran suka yi. Mai aski, wanda a filin nan ya koyi buga ƙwallo, ya rufe shago ya ce an yi musu rasuwa a ƙauye.

A rana ta shida sauran shago ɗaya, wanda Baba yake ta kewayewa: na 'yarsa tela, da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Baba da kansa ya ɗora bulon shagon. Ya tsaya a ƙofa. Ta tsayar da keken ɗinki.

“Sannu da zuwa, Baba. Na ji komai. In ni na fara kwashewa, sauran za su ji kunya su bi. Ka ce in kwashe kawai.”

Ya san gaskiya ta faɗa, kuma ya san in ya ce, za ta yi. Ya dubi tulin kayan makarantar da take ɗinkawa, da jakunkunan jikokinsa a rataye jikin ƙusa.

Ya ce, “Wucewa nake yi. Ci gaba da aikinki.”

“Baba, filin fa?”

“Na ce ki ci gaba.”

Bai bar ƙofar ba sai da ya ji keken ya tashi.