Yadda Hedimasta Gwatidzo Ya Haramta Tuwo a Gidansa

Taurai Gwatidzo ya daɗe yana hedimasta a wata firamare a Gweru, can ƙasarmu Zimbabwe, kuma har yau hedimastancin bai sake shi ba. Mutum ne da ba zai ga abu biyu wuri ɗaya ya wuce ba, sai ya ce wannan ne na ɗaya, wancan na biyu. Haka ya jera 'ya'yansa, haka ya jera surukansa, ana cewa har kajin gidansa kowace ta san matsayinta. Shekarar da kuɗin Zimbabwe ya koma takardar banza, albashin hedimasta ya kasa sayen burodi, sai ya tattaro matarsa Mai Rufaro, wato uwar Rufaro a yarenmu, suka sauka a Swindon, nan Ingila, kamar sauranmu. Ya sami aiki a gidan kula da tsofaffi, yana ɗaga su, yana yi musu wanka, yana ba su abinci a baki. Aikin yana yinsa da kyau, ba ya ƙorafi. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka a duniya, wato a ji tausayinsa. In ka zage shi yana iya yafe maka, amma ka dube shi ka ce "Allah sarki," to kun ɓata ke nan.

Ranar Lahadi in an tashi daga coci ana shan shayi, nan ne ajinsa. Zai tsaya da kofi a hannu ya shiga jera baƙin garin, su wane suka ci gaba, su wane ke bin baya. Mu 'yan Zimbabwe kullum mu ne na ɗaya. Dalilansa kuwa ba sa ƙarewa: mu ne malaman jinya, mu ne masu digiri, Turancinmu ya fi na masu ƙasar tsabta. Har gidajen da muke ginawa a Harare da Masvingo, waɗanda tun da aka aza harsashinsu ba wanda ya kwana ciki sai ƙadangaru, su ma yana sa su a lissafi. 'Yan Nepal kuwa, da suka cika unguwarmu, can ƙasa yake ajiye su. Ya ce mutanen kirki ne, amma gadi da sharar ofis ba sa kai mutum sahun gaba.

Ana nan sai gidan da ke manne da nasa ya yi sababbin masu shi. Harka Bahadur Pun ne, tsohon sojan Gurkha, wato 'yan Nepal da ke yi wa Ingila aikin soja, gajere kakkaura mai 'yar hula a karkace, da matarsa Dhan Maya, da 'ya'ya da surukai da jikoki. Aka gaya wa Gwatidzo sayen gidan suka yi, alhali shi haya yake zaune. Ya ce wannan taron dangi ne, ba arziki ba. Aka nuna masa zinariyar da ke kunnen Dhan Maya da hancinta, ya ce ba a cin zinariya.

Abin da ya karya shi tukunya ce. Kowace safiya ta Allah tukunyar gidan Pun, irin mai yin fito in tururi ya cika ta, za ta ɗauki kuka ta bayan bango, da yamma ta sake, ƙamshin shinkafa ya cika layin. A ƙauyensu Gwatidzo can Gutu, shinkafa baƙuwa ce mai zuwa ranar Kirsimeti kaɗai, ita da kaza. Yaro ya sa sabon wando ya ci shinkafa, sai ya yi wata yana ba da labari. Yau ga mutane a bayan bangonsa suna Kirsimeti safe da yamma, ko a jikinsu. Ya san sarai shinkafa ta fi farin garin masara araha a Ingila, don shi ke zuwa kanti, kuma garin sai a shagon 'yan Afirka ake samu da ɗan karen tsada. Amma abin da kai ya sani daban, abin da zuciya ta saba daban. Duk fiton tukunyar nan sai ya ji kamar an rage wa 'yan Zimbabwe maki.

Abin da bai sani ba shi ne, can a duwatsun Nepal ma suna da tuwon masara irin namu sak. Mu muna ce masa sadza, su suna ce masa dhindo. A ƙauyen su Dhan Maya abincin wanda gonarsa ba ta yin shinkafa ne, kuma ita tun ranar da mijinta ya karɓi albashin soja na farko ta rantse ta rabu da shi har abada. To ita ce ta shigo wata yamma da damin ganye daga lambunsu, ta tarar da Gwatidzo da matarsa sun sa malmala a gaba suna kai loma. Ta tsaya, ta kama baki, idonta ya ciko. Ta ajiye ganyen ta fita.

Washegari daidai lokacin cin abinci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwatidzo ya buɗe da hannu duk tuwo. Pun ne, da buhun shinkafa a gadon baya, ya rataya igiyar a goshi yadda suke ɗaukar kaya a garinsu. Ya sauke buhun a bakin ƙofa, ya haɗa tafukan hannu.

"Bhai," in ji shi, wato ƙanena, "kada ka ji kunya. Kowa ya taɓa ganin irin ranakun nan. Ni ma da shi na girma."

Yana magana, idonsa na leƙen tebur ta saman kafaɗar Gwatidzo, hancinsa na motsi. Gwatidzo ya ɗauka talaucin gidan ake dubawa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya yi godiya a daƙile, ya ja buhun ciki ya rufe ƙofa.

Sadaka! Shi da ke biya wa rabin yaran danginsa kuɗin makaranta, shi aka kawo wa sadaka har gida. Da Mai Rufaro ta je ta ji kanun zancen a bakin surukar Pun, ta dawo tana dariya har da hawaye, ta ce ai a wurinsu duk mai cin tuwon masara abin tausayi ne. Gwatidzo bai ga abin dariya ba. Ya miƙe tsaye kamar yana gaban ɗalibai, ya ce daga yau an daina tuƙa tuwo a gidan nan, sai shinkafa, domin ba sunansa kaɗai ke cikin hatsari ba, sunan ƙasa ne.

"Baba Rufaro," in ji matar, yadda muke kiran magidanci da sunan ɗan farinsa, "kai da in ka ci shinkafa a gidan biki sai ka dawo ka ce ba a ba ku abinci ba?"

"Wancan biki ne. Wannan yaƙi ne."

"To Allah ya ba da sa'a, janar. Ni dai aikina ya ragu."

Ya sayo tukunya mai fito wadda ta fi tasu girma, ya sa a ɗora ta jikin bangon da ya raba gidajen. Ranar da ba a dafa komai ba, ruwa zalla yake zubawa don ta yi kukanta. Sannan ya sayi buhun shinkafa mai tsada, wanda ya fi nasu girma, ya kai musu tukuici. Gidan Pun suka zauna suka tattauna, suka yanke cewa bawan Allah ya kashe ɗan abin da ya rage masa don kunya. Suka aiko da buhu biyu da ƙullin wake. Ya mayar da uku. Labari ya kai ga sauran 'yan Nepal na layin, tsofaffin matansu suka riƙa ajiye ƙunshi a bakin ƙofa suna gudu. Kafin bazara ta raba, shinkafa ta cika ƙarƙashin bene, ta hau bayan kujera, Mai Rufaro ta fara ɗora tukunyar furanninta a kan buhu.

Shi kuwa gogan yunwa ke cinsa. Sabo turken wawa: cikin da ya shekara sittin yana karɓar tuwo bai san shinkafa a matsayin abinci ba. Zai cinye faranti biyu, kafin ya wanke hannu cikin ya fara tambaya ina abincin. Ya rame, ya ƙara huda a bel ɗinsa, ya sake ƙarawa. A wurin aiki wata tsohuwa da yake ɗagawa ta dube shi ta tambaya ko su yi musanya ita ta ɗaga shi. Ramar kuma ta ƙara tabbatar wa maƙwabta zancensu, Dhan Maya in ta gan shi sai ta girgiza kai ta taɓa ƙirji. Mai Rufaro ko oho, takan biya gidan ƙawarta bayan coci ta dawo tana sakace, kumatunta sumul. Ta sha ce masa girman kai rawanin tsiya, ya ce ba ta san siyasa ba.

Gwatidzo yana da ɗan fili a lambunan da hukumar gari ke ba da haya, inda yake shuka masara da kabewa, da ɗan ɗakin katako na ajiye fartanya. Wata Asabar da hantsi haƙurinsa ya ƙare. Ya zare muciya daga kicin ya cusa cikin hannun riga, ya biya shagon 'yan Afirka, ya wuce lambu da tukunya a jakar kayan aiki. A ganinsa bai karya doka ba, don a gida ya hana, kuma lambu ba gida ba ne. Ya kulle kansa ciki, ya kunna ɗan murhun gas. Ya yi talge, ya rufe ya bar shi ya dahu, ya zuba gari ya shiga tuƙi har gumi na ɗiga. Ya tsinko ganyen kabewa ya yi miya da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Ƙamshin da ya tashi ya sa shi ƙwalla, don ya yi kewar abin nan fiye da yadda ya yarda.

Ya manta filin Pun na bayan nasa ne.

Ya kwashe malmala ke nan ya ji tari a bakin ƙofa. Ta tsagar katako ya hango 'yar hular nan. Ya yi tsit, yana fata a ɗauka ba kowa, alhali tururi na fita ta kowace kafa. Da ya ga ba mafita, ya buɗe. Ya tsaya da muciya a hannu, wando na neman zamewa, ya gama sallamawa cewa mutuncin da ya yi wata da watanni yana karewa da yunwa yau ya zube.

"To, Sekuru," ya ce, yadda muke kiran dattijo, "ka gani da idonka. Je ka faɗa musu. A ƙaro buhu."

Pun bai ko dube shi ba, tukunyar yake kallo. Ya waiga hagu da dama, ya shigo da sauri ya tura ƙofar da ƙafa.

"Rage murya, bhai. Kana so matata ta ji?"

Ya tsuguna a kan buhun taki, ya ce tun da ya shiga soja shinkafa yake ci, a bariki shinkafa, a gida shinkafa, har in ya yi mafarki ita yake gani. In ya ambaci dhindo, Dhan Maya sai ta ce yana so ya kunyata 'ya'yansa a ƙasar mutane. Ya ce ya taɓa lallaɓawa shagon 'yan Afirka zai saya a ɓoye, da ya ga kuɗin garin ya mayar da shi kan kanta da hannu biyu, ya fito yana mamakin irin masu kuɗin da ke cin wannan kullum.

Gwatidzo ya ji maganar ta yi masa daɗi har ƙashi. Ya gyara tsayuwa, ya fara shirya yadda zai ba da labarin gobe a coci.

"Amma kai ne ka kawo mini sadaka," ya ce.

"Ita ta aiko ni. Ni kuwa na zaɓi lokacin da na san kuna ci." Pun ya ɗago kai. "An ce mini ku mutanen Afirka ba kwa barin baƙo a tsaye in abinci na ƙasa. Na wanke hannuna tun daga gida, bhai. Ka rufe mini ƙofa."

A Gutu ko maƙiyinka ne ya iso kana ci, sai ka ce ya matso. Uwar Gwatidzo ta taɓa raba malmala ɗaya da mai wucewa a shekarar fari, su yara suna kallo, kuma da tana raye ta ji ɗanta ya bar tsoho a bakin ƙofa yana haɗiyar yawu, da duk girmansa sai ta ja masa kunne. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba a duk zamansa na Ingila, ko a ranar da ya fara wanke wa wani kashi.

Ya ajiye muciyar. Ya ɗauko butar ban ruwan shuka, ya durƙusa ya zuba wa Pun a hannu. Ya tura masa malmalar gaba ɗaya. Tsohon ya gutsura, ya dangwali miya, ya haɗiye ba tauna yadda suke yi a garinsu, ya lumshe ido ya daɗe bai buɗe ba. Ya ce rabonsa da wannan tun na hannun uwarsa.

"Tashi mu je gida, Sekuru," in ji Gwatidzo. "A kan tebur za ka ci, ƙofa a buɗe. Kowa ya gani."

Pun ya damƙe masa riga da hannun da ba tuwo.

"Kai dai ba ka da hankali. Ni nan zan ci. Kankaro mini ƙanzon."

Gwatidzo ya zauna a ƙasa ya jawo tukunyar, ya shiga kankara da cokali. Sai da tsohon ya suɗe hannu ya yi gyatsa, sannan hedimasta ya tuna shi ko loma ɗaya bai kai ba, ya tashi ya sake ɗora ruwa.