Takardar da Na Manna a Saman Famfo

Ko da zan manta komai na rayuwata, ranar da soda ta shiga idon Baba ba za ta bar ni ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige don kunya.

A lokacin ina aiki a wata ƙaramar masana'antar sabulu a Poumpoumré, nan cikin Garoua. Ni ne ƙarami a wurin, kuma ni aka ɗora a kan ma'aikata a matsayin Shef, wato shugabansu, don kawai na yi lise, makarantar sakandare, ina karanta Faransanci. Ba sai na faɗa muku yadda kaina ya kumbura ba, biro biyu nake saƙalawa a aljihu. Cikin ma'aikatan akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, aminin mahaifina ne, shi ya yanka ragon sunana. Aikinsa shi ne narka soda a ruwa kafin a haɗa ta da man angurya.

Wata rana mai masana'antar, wanda muke kira patron, ya sauya sodar da muke amfani da ita, ya kawo wadda ta fi ƙarfi. Ya ba ni wata takarda ta Faransanci da kwalin safar hannu da tabarau, ya ce, "Ka tara su ka fassara musu da Hausa da Fulatanci, layi bayan layi. Sai kowa ya gane sannan ya dangwala."

Na tara su kuwa. Amma da na ɗaga kai na ga furfura ta kewaye ni, sai bakina ya yi nauyi. Ba a tashe mu a kan mu tsaya gaban babba muna koya masa sana'arsa ba. Baba ya dube ni yana murmushi ya ce, "To, Shef, yau lekol za a buɗe mana ne, mu koma 'yan makaranta?" Aka fashe da dariya.

Na ce, "Wane ni, Baba! Patron ne dai ya ce a kula, sabuwar tana da zafi."

Iyakar bayanina ke nan. Na raba kayan, na karɓi dangwalen yatsan kowa, na manna takardar a bango saman famfo, na koma ina yaba wa kaina da ladabi. Bayan kwana biyu na ga Baba ya naɗe tabaransa a leda ya adana a jaka, wai kayan patron ne, kada su karce. Murmushi kawai na yi na wuce.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, na ɗauki babur na kai kaya kasuwa. Ina dawowa na tarar da mutane cirko-cirko, Baba a zaune a ƙasa yana salati, an ɗaure masa fuska da tsumma. Ashe bokiti ne ya suɓuce masa, ruwan sodar ya fallatso masa a idon hagu. Na tambaya ko an wanke. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wanki kuma, Shef? Ba ka ganin yadda soda ke tafasa in ta taɓa ruwa? Ai dafa idon za mu yi. Man gyaɗa muka zuba masa."

Wallahi ba su yi wauta ba, abin da idonsu ke gani kullum suka bi. Ni kaɗai a wurin na san abin da takardar ta ce: a kai mutum famfo nan take, a yi ta kwarara ruwa a idon ba tsayawa. Taku huɗu ne tsakanin Baba da famfon. Na fizge tsumman na ja shi muka wanke, amma an riga an ɓata kusan rabin awa.

A asibiti likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama ne za a ceta. Da la'asar patron ya iso, takardar dangwale a hannunsa. Ya durƙusa gefen gado ya ce, "Baba, don Allah faɗa mini gaskiya, an yi muku bayani ko ba a yi ba?"

Ina tsaye a bakin ƙofa. Baba ya ce, "Yaron nan ya gaya mana komai, Alhaji. Taurin kan tsufa ne kawai."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne, na ji ƙaryar na yi gum. Sai da patron ya fita na matso na fara kuka. Baba ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Ɗana, ba don kai na yi ba, don babanka na yi. Amma da ka faɗa mini, da na ji. Ni tsoho ne, ba jaki ba."

Washegari na je na faɗa wa patron gaskiya, ya sauke ni daga shugabanci, kuma daidai ya yi. Roƙo ɗaya na yi, a bar ni in karanta wa ma'aikata takardar. Na karanta ta da Hausa da Fulatanci, na sa kowa ya nuna mini da hannunsa yadda zai wanke idon ɗan'uwansa. Ba wanda ya yi dariya.

Tun daga nan na gane cewa ɓoye wa babba abin da zai cutar da shi ba ladabi ba ne, tsoron a yi mini dariya ne na sa wa suna ladabi. In ka san haɗarin abin da mutum ke taɓawa, ka faɗa masa da harshen da yake ji, ko da ya haifi ubanka. Ni na kauce wa kunyar minti goma, Baba ya ƙarasa rayuwarsa da ido ɗaya.