Binnen Gero a Shekarar da Na Rasa Maigida

Shekarar da maigidana ya rasu a Gumel, wansa ya zo daga Filato ya shimfiɗa mini magana: in gonarmu ta hanyar Ɗanzomo ba ta ciyar da mu ba a daminar nan, zai kwashe yarana ya raba wa dangi. Na ce, "To, Yaya." Amma a raina ban yarda ba. Kamar 'yan kaji za a raba mini 'ya'ya?

Irin geron da marigayi ya bari ɗan kaɗan ne, na shuka ɗaya tak. A garinmu sai ruwa ya jiƙa ƙasa sharkaf ake shuka, don haka na zauna jiran ruwa. Sai ga maƙwabcin gonarmu, wani dattijo Musulmi, ya zo har gida da sungumi a kafaɗa.

"Malama, tashi mu yi binne," in ji shi.

Binne kuwa shi ne a zuba iri cikin busasshen yashi tun ruwa bai sauka ba. Na ce, "Haba Baba! In yayyafi ya yaudare shi ya tsiro ya ƙone fa?" Ya ce haka ne, yana faruwa, amma daminar nan gajera ce, mai jira ma yana iya tashi hannu wofi.

Na bi shi. Yana sara, ina jefa iri ina rufewa da diddige, yashi na ƙona mini tafin ƙafa. Kowane rami sai na ce, "Yesu, ga naka." Ban iya doguwar addu'a ba a lokacin, baƙin ciki ya cinye ta. Amma a tsakiyar gonar nan na ji ba mu biyu ba ne kaɗai. Tun ranar jana'iza ban ji Ubangiji kusa haka ba, ko a coci.

Ruwa kuma ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Matan zumuntar cocinmu suna tsokanata wai na yi wa zabi biki. Na yi wa Allah faɗa sosai, ban ɓoye ba, na ce ai shi ya ce shi ne uban marayu, to ga su nan.

Wata Lahadi muna tsakiyar waƙa ruwa ya ɓarke, kwanon coci na ƙara har ba a jin ganga. Na fita na tsaya a cikin ruwan da ankon zumuntata, ina ihu ina tsalle. Da na je gona bayan kwanaki, sai ga gero layi-layi kore shar har iyakar ganina. Na durƙusa na yi kuka, na yi dariya, Baba na daga gonarsa yana ɗaga mini hannu.

Da kaka Yaya ya iso da mota don kwasar yara. Na kai shi bakin rumbu na buɗe masa. Buhun gero muka ɗora masa ya kai wa dangi, yarana suna tsaye a ƙofar gida suna yi masa Allah ya kiyaye hanya.