Ostad Mokshed, Wanda Ya Dawo Mana da Zanen Kakanninmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, ina tsakar gida ina dakan kurkur, 'yata ta shigo ta ce malaminmu Ostad Mokshed Patua ya cika. Ya rasu a ɗakinsa a nan Kusumdanga, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon damina.

Ostad, ka tashi ka tarar da sana'ar gidanmu tana gargarar mutuwa. Kakanninmu sun ci abinci ne da doguwar takardar zane da ake naɗewa kamar tabarma. Mutum zai shiga ƙauye, ya tsaya a inuwa, yana warware hoto bayan hoto yana rera labarin, a sallame shi da shinkafa. Da sinima da talabijin suka iso, aka daina taruwa. Mazanmu suka tafi Kolkata jan keken fasinja, tsofaffin zanen kuma aka riƙa toshe yoyon rufi da su. Kai ma ka tafi, amma zuciyarka ta ƙi zama, ka dawo gida mutane suna cewa ka zautu.

Ka bi ƙauyuka a ƙafa kana neman tsofaffin da suka rage. A wurinsu ka sake koyon fitar da rawaya daga kurkur, baƙi daga kunkunniyar fitila, kore daga ganyen wake, da yadda ake ɗaure burushi da gashin akuya. Ka sha ba mu labarin Fuljan Bibi, makauniyar tsohuwar da ita kaɗai ta riƙe waƙar auren kifaye tun daga farko har ƙarshe. Da ka rera mata abin da ka sani, sai ta ce, "Kai ɗan Jobbar ne ko? Na gane, ubanka ma muryar kwaɗo gare shi. Zauna in gyara maka." Ka zauna a gidanta har ƙarshen kaka, kana ɗebo mata ruwa kana kamo mata kifi, sai da waƙar ta zauna maka.

Ni kuwa a lokacin mijina ya rasu a birni ya bar ni da yara ƙanana. Aikin mata bai wuce niƙa launi da manna tsohon sari, wato yadin da mata ke ɗaurawa, a bayan takarda don kada ta yage ba. Wata rana ka ga na zana wa yarana kifi da gawayi a jikin bango, ka tsaya ka daɗe kana kallo, ka ce, "'Yata, gobe ki zo barandata." Yayan mijina Sattar ya ji, ya tare ka a shagon mai shayi, ya ce matar ƙaninsa ba za ta tsaya gaban maza tana waƙa ba. Ka miƙa masa burushi ka ce, "To karɓi kai ka yi, Sattar, hannunka ai ba ciwo yake ba. Maza sun yar da sana'ar, ka hana mata su ɗauka, wa ya rage? Awaki?" Aka yi ta dariya, ya tashi ya bar shayinsa. Kafin watan ya ƙare, matarsa na zaune kusa da ni tana koyon zana idon damisa.

Da zanenmu ya fara suna, wani ɗan kasuwa ya zo daga Delhi ya ce mu koma fentin kanti don aiki ya yi sauri, mu kuma ajiye waƙa tunda masu saye bango kawai suke son ƙawatawa. Shekarar ambaliya ce, gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Ka tara mu ka ce ba ka hana kowa ba, amma kai dai zanen da ba a rera shi gawa ne a wurinka. Ko mace ɗaya ba ta bi ɗan kasuwar ba. Mun sha wuya a wannan shekara, kai kuma ka raba shinkafar rumbunka gida gida har ta ƙare.

Ban manta ranar da aka gayyace mu babban zauren baje koli a Delhi ba. Sunanka aka kira, sai ka tura ni gaba. Na fara rerawa ƙasa-ƙasa, ka raɗa mini, "Rahela, ɗaga murya, ba gidan surukai kike ba." Na rera har ƙarshe, jama'a suka miƙe tsaye, kai kana can baya riƙe da takalmana.

Yau babu gida a Kusumdanga da ba a shanya zane a ƙofarsa, wasu mazan ma sun dawo suna koyo wurin matansu. Ba ka taɓa sakaci da salla ba, kuma ka rera labaran maƙwabtanmu Hindu da girmamawa, shi ya sa ranar jana'izarka suka tsaya a bakin maƙabarta cikin ruwan sama har aka gama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, uwarmu Momena Bibi, da 'ya'yanka Habil da Asiron, da jikoki, da duk matan baranda. Allah Ya ba mu haƙuri. Ya Allah Ka gafarta wa bawanka Mokshed, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da Aljanna saboda marayun da suka ƙoshi ta hannunsa, nawa na cikinsu. Amin.